Injin Kuzma

"Sake murzawa," in ji Kuzma daga kan kujerarsa a bakin gaɓa.

Jerko ya sake murza hannun injin. Injin ya yi tari sau biyu, ya fesa masa baƙin hayaƙi a fuska, ya yi shiru. Ya ɗago daga cikin jirgin da ƙyar, ƙugunsa na zogi, ya harari maƙwabcin nasa. Shekara arba'in katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, kuma babu shekarar da Jerko bai tsoma hannu cikin wannan injin ba. Da ƙuruciya bakanike ne a manyan jiragen ruwa, ya zaga duniya, ya dawo tsibirinmu wai don ya huta. Ina hutu!

"Kuzma, wallahi na gaji. Abin nan ya mutu tuntuni, kunyarka yake ji shi ya sa bai faɗa maka ba."

"To sa masa sabo."

"Sabon inji a wannan ruɓaɓɓen katakon? Ranar farko zai girgiza shi ya watse, ka dawo gida rungume da allo ɗaya. Ga jirgin roba can Dinko na neman mai saye. Ka murɗa makulli, ya tashi. Ba fenti, ba toshe ɓaraka, ba kiran Jerko."

"Wancan ai bahon wanka ne." Kuzma ya yi tari mai tsawo a hankicinsa, ya ninke shi, ya tura aljihu. "Ubana ya sassaƙa jirgin nan. Ni na ɗora masa inji shekarar da aka haifi Lukre. Tsohon za ka gyara min."

Washegari maza huɗu suka ciro injin, suka tura shi a baro har ɗakin ƙasa na gidan Jerko, inda yake ajiye man zaitun da tsoffin raga. Ya kwance shi gunduwa-gunduwa, ya jera a kan tebur. Da yamma Lukre, 'yar Kuzma, ta kira shi a waya daga birnin Split inda take aure.

"Baba Jerko, don Allah ka ja masa rai. Mutum ya kusa tamanin, yana fita teku shi kaɗai a wannan abin? In ya ga gyara ya ƙi ƙarewa, zai haƙura ya karɓi na Dinko."

Maganar ta yi wa Jerko daɗi, don dama abin da ke ransa ke nan. Kayan gyaran suka iso cikin mako biyu a jirgin fito, ringi da gaskit a ƙaramin kwali. Ya buɗe durowa, ya tura kwalin ƙarƙashin ƙusoshi, ya rufe.

Aka tsinke inabi, aka tsinke zaitun, sanyi ya shigo. Kullum da safe Kuzma zai leƙo ta kan katanga.

"Injiniya, yaya injina?"

"Ana jiran kaya daga Split."

"Da ƙafa suke zuwa?"

Daga baya ya daina leƙowa. Jerko ya ɗauka fushi ne, har ya ji sanyi a ransa, ya ce tsohon ya kusa saukowa. Sai ran wata Talata Perina, matar Kuzma, ta tsaya a ƙofar ɗakin ƙasan da gyalenta a kafaɗa. Ta daɗe tana kallon ƙarafunan da ƙura ta lulluɓe.

"Mun je asibiti, Jerko. Sun ce ya koma gida ya ci duk abin da ransa ke so. Ko Lukre ya hana ni faɗa wa sai jiya. Hau, yana nemanka."

An ja gadon Kuzma zuwa bakin taga. Ya rame har zoben aurensa ya koma babban yatsa. Ta tagar ana hango tsallaken ruwa, inda farar katangar maƙabarta take a gindin dutse, wurin da babu hanyar mota, sai dai ta ruwa.

"Zauna, maƙaryaci," in ji Kuzma. "Kai ka ɗauka kifi zan kama da shi?"

Jerko ya bi idonsa zuwa tsallake, sai ya gane. A garinmu mai jirgi in ya mutu a jirginsa ake kai shi can, kuma jirgin da ƙarfin kansa zai je. Ba a jan sa da igiya. Shekara talatin ke nan da aka ja marigayi Bepo a bayan jirgin wani, har yau in jikokinsa suka yi faɗa da wasu, da wannan ake musu gori. Jerko ya san haka sarai, shi ma yana cikin masu dariyar. Amma ko sau ɗaya bai haɗa wannan da tarin da yake ji ta katanga ba.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"In ce maka me? Gyara min mota zan tafi lahira?" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Yaushe zai tashi?"

"Gobe. Jibi dai."

"Goben nan taka za ta fi ni tsawon rai."

Jerko ya sauko, ya buɗe durowa, ya zaro kwalin. Kunya ta ishe shi. Ya yi ta wanke ƙarafuna da kananzir, yatsunsa sun ƙage don sanyi, noti na suɓuce masa yana bin sa da rarrafe ƙarƙashin tebur. Aikin da a dā zai gama a yini ɗaya ya ci masa uku. Da gangan yake buga sifana a jikin ƙarfe, don a ji daga sama a san ana aiki.

Ran Juma'a da hantsi yana ɗaure noti na ƙarshe ya ji kukan Lukre ta katanga. Jim kaɗan ƙararrawar coci ta fara bugawa ɗaya-ɗaya. Bai hau ba. Ya ƙarasa ɗaure notin, ya zauna a kan garwar mai, ya yi kuka irin na tsofaffi, mara sauti.

Ran Asabar mazan nan huɗu suka mayar da injin. Ran Lahadi bayan an fito daga coci aka ɗora akwatin gawar a tsakiyar jirgin, limamin cocin ya zauna a gaba, Perina da Lukre a gefe cikin baƙaƙen kaya. Jerko ya murza hannun. Murzawa ta uku injin ya kama, da wannan tsohuwar ƙarar tasa da kowane yaro a garin ya sani. Perina ta rufe ido. Jirage tara suka biyo su a baya.

Sun wuce rabin hanya injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Jerko ya murza. Ya sake murzawa har kafaɗarsa ta yi ƙara. Ya buɗe bututun mai, ya hura, ya tofar, ya murza. Shiru. Ruwa na ta kaɗa su a hankali zuwa gefe. Dinko ya matso da farin jirginsa, ba da mugun nufi ba, bawan Allah, tausayi ne ya kama shi.

"Baba Jerko, kama! Ɗan nan da can ne, ba mai cewa komai."

Igiyar ta faɗo a kan akwatin, kusa da furanni. Jerko ya tsaya yana kallonta, ya gaji iyakar gajiya. Perina ce ta miƙa hannu. Ta ɗauke igiyar da yatsu biyu, ta sake ta a ruwa.

"Filafilan suna ƙarƙashin benci," in ji ta. "Bai taɓa fita babu su ba."

Jerko ya jawo su, ya saƙala kowanne a mazauninsa, ya miƙe tsaye yana fuskantar gaba yadda ake tuƙi a nan. Ya tura, jirgin bai ko motsa ba. Ya sake turawa. Lukre ta tuɓe takalmanta masu tsini, ta zo ta tsaya kusa da shi, ta karɓi na hagu ba tare da ta dube shi ba.

A bayansu Dinko ya kashe injinsa. Na kusa da shi ma ya kashe, sai na gaba, har tara ɗin duka suka yi tsit. Babu abin da ake ji sai kukan tsohon katako da ɗigar ruwa daga filafilai. Jerko bai waiwaya ba. Ya kafa ido a kan farar katangar, yana turawa, ita kuma tana matsowa kaɗan-kaɗan.