Yajin Ilya

Ilya ɗan Maraɗi ne, kuma da kansa yake faɗin cewa bai taɓa ganin mutumin da ya karanci dabarun talla shekara biyar a jami'a ya kasa sayar da ƙullin yaji ɗaya ba, sai shi.

A shekara ta 2009 ya gama karatu a birnin Lyon na ƙasar Faransa. Ya samu ɗan aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, yana zaune a hawa na takwas a Rillieux-la-Pape, a gefen birnin. Yayarsa Zakiyya, wadda ta iya dakan yaji har ana yi mata layi a unguwa, ta aiko masa da kwali biyu ta hannun wani matafiyi. Ta ce, "Ka sayar wa 'yan gida da ke can, in ya karɓu na ƙaro."

Ilya ya tura kwalayen ƙarƙashin gado. A jami'a an koya masa cewa ba a afka wa mutane da talla. Sai ka fara ba su abin amfani kyauta, su yarda da kai, sannan ka fito da hajarka. Sai ya tara adireshin imel na ɗalibai arba'in, ya shiga aika musu wasiƙa duk Juma'a: yadda ake sabunta katin izinin zama, inda ake samun ɗaki mai araha, wace riga ce take tare sanyin Janairu.

Wasiƙar ta karɓu. Arba'in suka zama ɗari uku, har daga Paris ana roƙonsa ya sa suna a jerin.

Abokinsa Hayatu, mutumin Garwa mai shago a unguwar La Guillotière cikin Lyon, ya tambaye shi, "Yajin nan fa?"

"Lokaci bai yi ba. Ana gina yarda ne."

"Ni da safe na buɗe shagon nan, kafin azahar na sayar da manja. Ba wanda ya san ni."

"Kai kasuwanci kake yi, Hayatu. Ni ilimi nake bi."

Shekara ta juyo. Mutane suka fara kiransa Malam Ilya. Wani ya rubuto yana neman shawara kan shugabansa a wurin aiki, wata kan ɗanta da ya daina jin Hausa. Yanzu kuma wata damuwar ta taso: yaya za a yi Malam guda ya buɗe baki ya ce a sayi yaji? Sau goma sha bakwai yana rubuta tallan yana gogewa.

Wata rana wata ɗaliba mai suna Ruwaida ta rubuto masa: "Malam, don Allah ina ake samun yaji mai kyau a Lyon?" Ilya ya daɗe yana kallon tambayar, diddigensa na taɓa kwali. Ya ji tsoron a ce yana amfani da matsayinsa. Sai ya amsa a wasiƙar Juma'a, gaban mutum ɗari tara, cewa a je shagon Hayatu. Makon nan Hayatu ya kira shi yana dariya har da tari, ya ce yajin shagonsa ya ƙare ƙaf, Allah ya ƙara wa ilimi albarka.

Sai a 2012 ya yi ta maza. A can ƙarshen wasiƙa, bayan sallama, ya rubuta da ƙananan haruffa cewa akwai ɗan yajin Maraɗi, in wani yana so, in kuma ba a so ba komai. Ya aika, ya kashe kwamfuta, ya fita zagaya unguwa kamar wanda ya yi laifi.

Mutum ɗaya ne ya lura. Hajiya Balkisa, mai gidan abinci a unguwar Belleville ta Paris, ta bugo waya ta ce ya kawo duka.

Ranar Asabar ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ya yi ta fama da kwalaye a matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Bayan doguwar gaisuwa, Hajiya ta yanka ƙulli ɗaya, ta shinshina, ta lasa. Ta sake lasa.

"Ɗana, wannan garin mene ne?"

"Yaji ne, Hajiya."

"Yaushe aka daka shi?"

Ilya ya faɗa mata. Hajiya ta zauna a kujera. Ta kira mai dafa mata abinci, Suzanne, ta ba ta labarin da Faransanci, su biyun suka yi ta dariya har Ilya ma ya shiga. Jan ya koɗe, ƙamshin ya tafi, ko atishawa ba ya sa mutum.

Ta zuba masa shinkafa da miya. Yana ci ta ce, "Tun wasiƙarka ta uku nake karantawa. Da wasiƙarka na gyara takardun ƙanwata. Da a ranar ka ce kana da yaji, da na saya. Me kake jira?"

"Ina jira ku yarda da ni."

"To mun yarda tun tuni. Kai ne ba ka tambaya ba."

Ta ce ya sa yayarsa ta daka sabo, tana son kwali ɗaya duk wata biyu. Tsohon kuwa ta ƙi yarda a zuba mata a shara, ta ce kwandonta ƙarami ne. Haka ya koma Lyon da kayansa.

Juma'ar da ta biyo baya ya rubuta labarin duka, bai rage komai ba, ya sa tallan a layin farko. Mutum goma sha ɗaya suka cire sunansu daga jerin. Sittin da 'yan kai suka ce a ajiye musu. Da ya kira Zakiyya ya gaya mata, ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka yajin ne bai yi wa mutanen Faransa daɗi ba, kunya ta hana shi faɗa.