Ƙasar Jinya

Sun riga sun kama kusurwa uku na tabarmar da Ten Kaiuea yake kwance a kai lokacin da na shigo da ƙoƙon romon kifi. A kan kusurwa ta huɗu matarsa Nei Tibwe ce zaune, ta miƙe ƙafafu tana murza igiyar kwakwa a cinya kamar ba da ita ake ba.

"Tsohuwa, ɗan matsa," in ji ɗansu Tebano.

"Ina za ka kai min miji?"

"Gidana. Can an fi samun iska, ga matata za ta kula da shi."

"Jiya iskar ta taso ke nan? Tun farkon farin nan yake kwance, tana ina?"

Samarin da ya zo da su suka saki tabarmar a hankali. Tebano ya juyo kaina, bai dubi fuskata ba, ƙoƙon ya duba.

"Me ke ciki?"

"Abin da yake sha kullum. Kurɓi, in ka faɗi sai a san ni ce."

Bai kurɓa ba, amma ya shinshina.

Wannan ya faru ne a tsibirin Beru, ba da daɗewa ba bayan Turawan Ingila sun kafa tutarsu. Sunana Aroita. Gidanmu da na tsofaffin nan rijiya ɗaya muke ɗiba. Mahaifina baƙo ne daga wani tsibiri, ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa, kwakwar da muke ci sai wadda aka yarje mana mu tsinta. Na dawo daga makarantar fasto na iya karatu da lissafi da ɗinki, na tarar rabin jikin Ten Kaiuea ya shanye, matarsa kuma gwiwa ta hana ta zuwa rijiya. Ba wanda ya aike ni. Na fara da kai musu ruwa, daga nan wanki, daga nan juya shi, daga nan kwasar abin da mutum ba ya son faɗa. Rijiya ta koma gishiri, kwakwa ta ƙanƙance kamar dunƙulen hannun yaro, ni dai ina nan. Tebano yana can arewa wajen dangin matarsa, in ya leƙo ya zo da busasshen kifi ya koma kafin ruwan teku ya janye.

Abin da ya taso shi kowa ya sani. An ji cewa tsofaffin za su kira dattawa su raba ƙasarsu tun suna da baki. A wurinmu kuma, in bare ya yi jinyar mutum danginsa suna raye, ana iya yanka masa ƙasar jinya, ta fita daga hannun dangi har abada. In tsohon ya mutu a ɗakin ɗansa, wa zai ce bare ne ya yi jinya?

Da ɗaukar ta gagara, sai Tebano ya tare a gidan shi da matarsa. In na je rijiya tana bayana. In na kankare kwakwa tana tsaye a kaina. A gari aka fara cewa 'yar makaranta ta san wani abu da take sa wa tsoho a romo, shi ya sa ba ya buɗe baki sai a hannunta. Gaskiyar ita ce matar Tebano tana ɗura masa da zafinsa.

Shi kansa tsohon bai bar ni ba. Wata rana da hantsi ina shafa masa man kwakwa a baya, ya ce da rabin bakinsa mai motsi, "'Yar baƙo."

"Na'am, tsoho."

"Me kike nema a nan?"

"Ƙurjin bayanka nake nema, ga shi na samu. Kwanta daidai."

"Ba a yin wahala irin wannan a banza."

"To ka tashi ka wanke kanka, in tafi gida in huta."

Ya yi wata dariya da ta koma tari. Nei Tibwe ba ta ɗago daga igiyarta ba, amma na ga hannunta ya tsaya.

Ranar rabo dattawa suka zauna a kan tsakuwar ƙofar gida, muka ɗage labulen ganye domin su ga bakinsa. Tebano ya tallafe kan mahaifinsa a cinya, yana korar masa ƙuda, yana duban dattawa ko sun gani. Ni ina can baya kusa da murhu.

Tsohon ya riƙa kiran filayensa da sunayensu, kowanne daga bakin tafki har bakin teku. Manyan duka na Tebano. Biyu ƙanana da shingen dutsen da ake tare kifi na 'yarsu da ke aure a tsibirin Nikunau. Kwalekwale na ɗan ƙanensa. Ya kira fili na ƙarshe, ya ce na Tebano, ya rufe ido.

"Ba saura?" in ji babban dattijon.

"Ba saura."

Tebano ya sauke numfashi har na ji daga inda nake. Matarsa ta waiwayo ta yi min murmushi. Ni kuwa na ci gaba da hura wuta. Ban yarda ko gira ta motsa min ba.

"Ku zauna," in ji Nei Tibwe. "Ni ba ku tambaye ni ba. Ko ni daga cikin teku aka tsamo ni?"

Dattawa suka koma suka zauna. Ta ajiye igiyar. Ta ce filayen da ta gada wajen mahaifinta a raba wa 'ya'yanta biyu. Sannan ta ce, "Ramin nan da ake noman gwaza a ciki na bayan coci, da kwakwar da ke kewaye da shi, uwata ce ta ba ni. Na ba Aroita, ƙasar jinya."

"Jinyar wa?" Tebano ya zame kan mahaifinsa daga cinya ya miƙe. "Ke ciwon me kike yi? Tsoho ne mara lafiya, ga shi a hannuna."

"Ka zo ka tsare ubanka kamar za a sace shi. Ni ka taɓa tambayar wa ke ɗaga ni in zan zaga? Mun yi magana da shi tun kafin ka ji iska. Ya ce ba zai kunyata ɗansa da bakinsa ba. Na ce to ni bakina lafiya lau yake."

Dattijon ya dubi tsohon. "Ten Kaiuea, haka ne?"

"Nata ne," in ji shi, idonsa a rufe.

Tebano ya nuna ni da haɓa. "To a tambaye ta. Ba a makaranta aka koya musu taimako don Allah ba? In don Allah ta yi, ta faɗa a gaban kowa ba ta so."

Duk suka juyo. Na san abin da suke jira, yarinya mai kunya ta sunkuyar da kai ta ce a bar shi, sunanta ya wanku, gobe ta koma tsintar kwakwar mutane. Na taso daga murhu da toka a hannuna, na zo gaban dattawa.

"Don Allah na yi," na ce. "Kuma ina so. Na karɓa."

Wani dattijo ya yi tari. Ba wanda ya ce an gode, ba wanda ya ce ba daidai ba ne.

Ten Kaiuea bai kai sabon wata ba. Ya cika da la'asar, kansa a cinyar matarsa. Da na kawo ruwan wanka matar Tebano ta tare ƙofa, ta ce wannan aikin dangi ne, wadda aka biya ta gama nata. Na ajiye mata ruwan a gabanta, na faɗa mata ta bi a hankali da kafaɗarsa ta hagu.

Daga nan na wuce bayan coci. Na tattara busassun ganye don taki, na naɗe zanina, na sauka cikin ramin. Laka ta kai min gwiwa, da sanyinta duk da farin. Ina jin kukan mata daga gidan ina tura ganyen a gindin gwaza ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗago, Tebano yana tsaye a bakin ramin da sandar haƙar kabari a kafaɗa, ƙafarsa daidai kan dutsen iyaka. Ya daɗe yana kallona. Na sunkuya na koma kan gindin gwaza na gaba.