Ƙullin Bahago

Sanyin watan Yuli, lokacin hunturu a can ƙasashen kudu, ya busar da ciyawar lardin Limpopo ƙayau. Malama Tsakani ta sadaukar da hutun makarantarta tana bin tsoho Mashaba, mai gadin gandun daji, suna kwance tarkunan waya. Yau su cire ashirin, gobe su tarar da talatin.

Ran nan da safe suka iske mushen jakin dawa, waya ta ci wuyansa, an yanke cinya ɗaya an bar wa ungulaye sauran.

"Allah ya tsine wa hannun da ya ɗana wannan!" in ji Mashaba. "Kwance ta, 'yata, yatsuna sun ƙage."

Ta durƙusa. Murɗi uku ta hagu, an lanƙwasa bakin wayar ciki don kada ta soki hannu. Haka babanta, bahago, yake ɗaure akurkin kajinsu tun tana ƙarama. Ta tuna naman da ta ci jiya a gidansu har da ƙari.

"Kin san ƙullin ne?"

"A'a, baba Mashaba."

Ta miƙar da wayar sarai kafin ta ba shi. A gidansu kuwa, sabon naɗin waya na nan rataye bayan ƙofa.