Direban Colette

Wa ya fi ɗaukar alhaki, ɗan jaridar da ya rufe bakinsa a kan gaskiya, ko wanda gaskiyarsa ta sa aka kashe mutum? Na daɗe ina juya wannan tambaya, ban ga ƙarshenta ba. Gordon Pawluk kuwa, editan ƙaramar jaridar birnin Winnipeg, da rana tsaka aka nemi ya amsa ta.

Wani tsohon soja abokinsa ne ya tsegunta masa cewa 'yan bindiga sun sace Colette Friesen, wakiliyar babbar jaridar garin, a fagen yaƙin da take aiko rahoto. Har ya tsara shafin farko sai waya ta yi ƙara. Doreen Lavallee ce, editar Colette, wadda suka tsufa suna ƙwace wa juna labarai.

"Tsohon dila, na san ka ji," in ji ta. "Kada ka buga. Kowa ya yarda a yi shiru har a sako ta. In sunanta ya fita za su ga ta yi tsada, ko su tsorata su harbe ta."

"A'a, madam. Likitoci nawa da malamai nawa na can aka sace, muka buga ba mu tambayi iyayensu ba? Sai yau da ta faɗo kan tamu?"

"Ka yi wa'azinka ranar Lahadi, Gordon. 'Yarta ko makaranta ba ta shiga ba."

Ya tsaya a taga da wayar a kunne, kofinsa ya huce, dusar ƙanƙara na rufe motoci. Ya san gaskiya ya faɗa, ya kuma san gaskiyar ba za ta tare harsashi ba. Sai wani abu ya faɗo masa: ba wakilin da ke shiga irin wannan wuri shi kaɗai.

"Wa ke tuƙa Colette?"

Doreen ta fara kame-kame, ya katse ta.

"Tare aka kama su, ko? Yaya sunansa?"

"Ban... lauyoyinmu a kan Colette kawai suke magana."

"To ga nawa sharaɗin. Duk maganar da za a yi, da shi a ciki. Su biyu aka kama, su biyu za su fito. In ba haka ba, gobe ki karanta labarin a jaridata."

"Allah wadaran halinka," in ji ta, ta kashe wayar.

Ana gab da kai shafuka wurin bugu ta sake kira, muryarta a dashe.

"Zalmai ne sunansa. Na yi magana da matarsa, ashe ba wanda ya taɓa kiranta. Masu jaridar sun amince, su biyu ko babu. Masu shiga tsakani kuma sun ce dukansu suna da rai."

"Zalmai," Gordon ya maimaita a hankali.

Ya zauna, ya goge labarin da ya fi kowane girma a rayuwarsa ta aiki, ya cike gurbin da rigimar kansiloli kan share ƙanƙara.