Kiran da Mijina Ya Amsa a Al Buteen

Ni dai na gaji, wallahi. In wuni kan keken ɗinki a Satwa, in dawo in tarar da mijina zaune kamar an dasa shi, tuwo ya huce a gabansa. Mutumin da ya tuƙa kwalekwale a kogin Gaya tun yana saurayi, ya zo Dubai yana ɗaukar kaya a shagon wani tsohon Bature mai sayar da kayan tarihi a Al Buteen, bai taɓa cewa wash ba. Shi ne ya bi ya rame, magana ma sai na ciro ta da ƙyar.

Da na matsa masa, sai ya ce wani tablo aka kawo shagon, zanen birnin Venis, ya haura shekara ɗari biyar. Wata mata ce tsaye a bakin ruwa, idonta na kan kwalekwalen da babu kowa a ciki. Baturen ya ce da can akwai matuƙi, baƙar fata, shi take so. Danginta suka sa aka shafe shi da fenti, mutumin kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Na ce to, sun mutu sun ruɓe, mu ina ruwanmu? Ya ce ran nan yana goge tablon sai ya ji an kira sunansa, shago kuwa ba kowa. Ya amsa.

Haba, uban 'ya'ya guda! Ko yaron goye a garinmu ya san ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba.

Na yi tofi, na yi hayaƙin habbatussauda har maƙwabtanmu na gidan haya suka yi ƙorafi. Na karɓo rubutu wurin Malam Sanda a Al Ras, ya shanye don kada in yi faɗa. Duk a banza, kullum kamar ana rage shi.

Wata Talata na ajiye ɗinkin mutane na tafi shagon. Na ga tablon, matar ma ba wata kyakkyawa ba ce, goshi kamar faranti. Amma kwalekwalen nan yanzu da mutum a ciki, dishi-dishi. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka, irin ta mijina sak. Baturen sai murna yake, wai tsohon fenti ne ke fitowa. Ni kuwa na san idan fuskar ta gama fitowa na rasa miji.

Mijina yana tsaye gaban abin, tsumma a hannu. Na ce Malam, shiru. Na ce Baban Rahila, ko gezau. Na fizgi rigarsa na tambaye shi me ya kai shi amsawa.

Bai juyo ba ya ce, "Tun rasuwar Inna ba wanda ya kira ni da sunana. Bature ya ce Jo, 'yan kargo masu jigilar kaya su ce habibi. Matar nan ta cikin tablo kuwa ta faɗe shi daidai."

Tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa faɗin sunan nan ba. Haka uwata ta yi, haka tata uwar. Ko wani mai sunan na haɗu da shi, sai in ce mai sunan Malam. Kunya ta kama ni, ga Bature, ga wasu 'yan Kano biyu sun tsaya a ƙofa. Amma tsoro ya fi kunya ƙarfi.

Na buɗe baki, sunan ya fito kamar ba da harshena ba.

"Issoufou."

Tsumman ya faɗi. Ya juyo a hankali, ya daɗe yana kallona, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Na'am, Zeinabou. Ashe kin san shi."