Tambayar Hajjo

Shekara talatin ke nan, duk matar da ke da tambayar addini a Tsaskiya mijinta take gaya wa, shi ya kai zauren Malam Hamidu. Amsa ta dawo ta hanyar da ta bi, wani lokaci rabinta ya zube a tafe.

Shekarar da gwamnati ta ce ilimi kyauta ne, aka turo Malama Turai daga Safana ta koyar a sabuwar firamare. Yarinya ce mai takardar kwaleji, ta kuma karanta Risala wajen mahaifinta. Kafin girbi maza sun fara barin matansu zuwa wurinta bayan la'asar. Malam kuwa sai rikicin shanu da iyakar gona ake kawo masa. In ya wuce ƙofarta ya ga takalma jibge, sai ya kau da kai ya ƙara sauri.

Ya ƙudura a huɗubarsa ta ranar Juma'a zai hana matan zuwa wurinta. Hujja kawai yake nema.

"Hajjo," ya ce wa matarsa, "je ki tambayi 'yar bokon nan. Wanda ya yi ragi da ƙari a salla ɗaya, kabli zai yi ko ba'adi? Kada ki ce ni na aike ki."

"Yau kuma ni ce tarkon, Malam?"

Ba ta dawo ba sai gab da magariba.

"Me ta ce?"

"Kabli. Ta ce a gaishe ka, wai tambayar ta yi kama da ta malamai."

Daidai ne.

"Shi ya tsai da ke har yanzu?"

"A'a, na yi tawa. Wadda nake riƙe da ita tun haihuwar wancan yaron."

Ɗan farinsu Lawal take nufi, wanda ba ta kama sunansa. 'Ya'yansa uku yanzu.

"Kina gida ɗaya da malami, ba ki tambaye ni ba?"

"Ta mata ce, Malam. Da wane baki?"

"To, me ta ce miki?"

"Ta ce sallolina suna nan, ban yi asara ba."

Fuskarta a sake take, kamar wadda aka sauke wa tulu. Da shi ta tambaya, da abin da zai ce ke nan, har da ƙarin hujja. Amma wata ta riga shi.

Ranar Juma'a ya yi dogon bayani a kan zakkar shanu, ya sauka.