Kwana Talatin a Shagon Haj Mitwalli

Ina tsoma burodi a cikin wake Basant ta ajiye wayarta a gefen kwanona.

"Baba, duba nan."

Na duba. Injin sassaƙata ne, kwance a kan jan ƙyalle, an goge shi sai sheƙi yake yi. Ga tabon walda a mariƙinsa, wanda ni na yi shi da hannuna. A ƙasan hoton an rubuta fam na Masar dubu ashirin da takwas.

"Irinsa ne dai," na ce.

"Naka ne. Jiya da la'asar aka sa shi a kasuwa. Mutum goma sha huɗu sun riga sun tambaya."

Na ture kwanon gefe. Saura kwana huɗu wa'adina ya cika.

* * *

A nan garin Dumyat na ƙasar Masar, duk mai yin kujeru a layinmu ya san injin Usta Ragab. Ni ne Ragab ɗin, usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne. Da shi nake fitar da fure a ƙafar kujera, da shi nake ciyar da mutum biyar. Ranar da likita ya ce sai an yi wa matata Awatif tiyatar matsarmama cikin mako guda, na bi gidan nan da ido ban ga abin da zai kai kuɗin ba sai shi.

Basant, 'yata ta fari mai karatun jinya, ta ce a sa shi a intanet. Muka sa. Kwana biyu waya ba ta huta ba. Wannan ya ce in kai masa Alƙahira, wancan ya ce in turo tukuna ya biya daga baya. Wani ya shanya ni a ƙofar masallaci har azahar ta wuce, bai zo ba. Kuma ko an saya da daraja, ai ya tafi ke nan. Da me zan yi aiki, da farce?

Shi ya sa na ɗauke shi na nufi shagon jinginar Haj Mitwalli. Ya juya shi, ya taɓe baki, ya ce dubu tara. In na dawo da goma sha ɗaya cikin kwana talatin, in ɗauki abina.

"Ko rabin kuɗinsa bai kai ba, Baba!" in ji Basant da na dawo gida.

Na daka mata tsawa. Na ce ita ta san farashi, ni na san sana'a. Wanda ya sayar ya rabu da kaya, wanda ya jinginar ajiya ya ba da. Takardar kuwa ban karanta ba. Daga aji huɗu na bar makaranta, rubutun ƙanana ne, ga asibiti na jiran kuɗi kafin su taɓa ta.

Kwana ashirin da shida na yi ina goge katako a shagon yaran da ni na koya wa riƙe guduma. Na roƙi uwar adashenmu ta matso mini da kwasata. Kuɗin suka haɗu. Ga kuma aikin kujeru goma sha biyu da wani dillali ya ajiye mini, yana jiran ranar Asabar.

* * *

A ranar na ɗauki kuɗin, ni da Basant muka nufi shagon. "Maraba da usta!" Haj Mitwalli ya ware hannu, carbi na lilo. "Ya jikin uwar Basant? Ku zauna a sha shayi."

"Riƙe shayinka. Ga goma sha ɗaya. Ba ni injina."

Ko kallon kuɗin bai yi ba. Ya jawo aljihun tebur, ya zaro takarda, ya miƙa wa Basant. "Ke ce 'yar boko. Karanta wa babanki."

Ta karanta. "Ni, Ragab, na sayar wa wannan shago..."

"Sayar? Jingina muka yi da kai!"

"Subhanallahi, usta. Jingina da kuɗin ruwa? So kake ka kai ni wuta? Sau biyu na je Makka. Mu nan ciniki muke yi, halal tsantsa."

"Da bakinka ka ce kwana talatin!"

"Na ce in ka dawo ka same shi, mu daidaita. Ga shi ka same shi. Kasuwa ta ce ashirin da takwas. Don kai ne, kawo ashirin da shida."

Na buga teburin har kofunan suka yi tsalle. Na kira shi ɓarawo, na kira shi maci amana, na faɗi wasu kalmomin da ban taɓa faɗa a gaban 'yata ba. Masu wucewa suka taru a ƙofa. Shi kuwa sai jan carbinsa yake.

"Je ka wurin 'yan sanda," ya ce a hankali. "Ka tafi da takardar. Sa hannun waye a ƙasa?"

A lokacin na lura da kantocin da ke bayansa. Kekunan ɗinki huɗu, kayan aski, sikelin mai kayan miya, injin huda bango da ƙurar siminti ba ta gama fita daga jikinsa ba. Kowanne da mai shi a wani gida, yana ƙirga kwanaki da yatsa kamar yadda na yi.

Basant ta ja hannun rigata. "Mu tafi, Baba. Hawan jininka."

* * *

Da la'asar muka zauna a kan matakalar gida don kada Awatif ta ji. Basant ta ce mai yiwuwa baƙo ya samu rangwamen da ni ban samu ba. Ta ari sunan ƙawarta, ta rubuta wa shagon: "Nawa ne na ƙarshe?"

Ina lissafi a zuci. In na sayar da firij da gadon yara, na haɗa da kuɗin hannuna da abin da dillalin zai iya ba ni kafin aiki. Ko an haɗa duka, da ƙyar a kai ashirin. Asabar kuwa jibi ce.

Wayar ta yi ƙara. Basant ta karanta.

"Me ya ce?"

"Ashirin da bakwai."

"Sai me? Na ga rubutun da tsawo."

Ta sake duba wayar. "Wai kaya ne mai kyau, ba a samun irinsa. Wai na wani tsohon gwani ne, ya kula da shi kamar ɗansa." Ta sunkuyar da kai. "Wai ya bar sana'a."

Daga sama Awatif ta ƙwala kira, tana tambaya ko na dawo da injin, don ta ji shiru.

"Me zan rubuta masa, Baba?"

Na buɗe tafukan hannuna a kan gwiwa, na tsaya ina kallonsu.